Gidan Borja: Asalin da Suka Yi Da'awa da Asalin da Tarihi Ya Sani

Ranar 10 ga watan Oktoba ce aka daɗe ana tunawa da Waliyyi Faransis Borja, shugaba na uku na Ƙungiyar Yesu, wato 'yan Jesuwit, ko da yake su 'yan ƙungiyar suna yin idinsa ranar 3 ga watan. A cikin ƙananan littattafan tarihin waliyyai da ake karanta wa masu koyon katikisma, akan ce shi ɗan babban gida ne a ƙasar Sifen, ya bar dukiya da sarauta ya bi Ubangiji, daga nan sai a wuce. Ba a cika faɗin ko wane gida ba ne. Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne, gama kakan mahaifinsa shi ne Paparoma Alekzanda na Shida, mutumin da duk mai neman abin da zai soki Ikkilisiyar Katolika yakan fara da sunansa. Da yawa daga cikinmu an taɓa jefo mana wannan suna a makaranta ko a wurin aiki, muka rasa ta cewa. Saboda haka a darasin wannan wata za mu bi salsalar gidan tun daga tushe, domin gara mu ji labarin a gida yadda yake, da mu tsince shi a kasuwa, rabi gaskiya rabi ƙari.

Kakan da aka aro

Borja sunan gari ne. Yana cikin ƙasar Aragon, a arewa maso gabashin Sifen, yamma da birnin Saragosa, ya kuma yi shekaru wajen 400 a hannun Musulmin Andalus kafin Sarki Alfonso na Ɗaya ya ci Saragosa a 1118, garuruwan kewaye suka biyo baya. Wannan sarki ya rasu a 1134 bai bar ɗa ba, ya kuma bar wasiyyar da ta rikita fadawansa, cewa a ba da ƙasar ga ƙungiyoyi uku na addini da ke tsaron Ƙasa Mai Tsarki. Manyan ƙasa suka ƙi. Cikin waɗanda aka ambata domin gadon sarautar akwai wani Pedro na Atares, mai garin Borja, wanda jinin tsohon Sarki Ramiro na Ɗaya ne. Bai samu ba, sai aka fito da ɗan'uwan marigayin daga gidan zuhudu aka naɗa shi. Pedro ya zauna a ƙasarsa, ya kafa gidan zuhudu na Beruwela a 1146, wanda gininsa ke tsaye har yau a gindin dutsen Monkayo.

To, wannan Pedro shi ne mutumin da gidan Borja, bayan sun yi arziki, suka ce daga tsatsonsa suka fito. Da'awar tana da riba, domin tana mai da su dangin sarakunan Aragon. Abu ɗaya ne ya ɓata ta: Pedro ya rasu a 1151 bai bar magaji ba. Mun san halin maroƙi, in ka ba shi riga da doki ba zai rasa nemo maka kaka a cikin sarakuna ba. Turai ma ta yi nata maroƙan, sai dai su da alƙalami suke yi, cikin harshen Latin. Har ma abin ya wuce Aragon. Tambarin gidan shi ne jan sa a fili mai ruwan zinariya, sa'ad da kuwa Alekzanda ya sa mai zane Pinturikiyo ya ƙawata ɗakunansa a Batikan tsakanin 1492 da 1494, sai aka zana a rufin ɗaya daga cikinsu labarin Osiris da san nan Afis na gumakan tsohuwar Masar, domin mai kallo ya haɗa san gidan da na Fir'aunoni. Mutum yana kan kujerar Bitrus masunci, amma yana nema wa kansa asali a wurin gumaka!

Ainihin asalin bai kai haka ƙyalli ba. Sarki Haime na Ɗaya ya ci birnin Balensiya a 1238, ya ci Shatiba da ke kudu da shi a 1244, ya rarraba gonaki da gidaje ga mutanen Aragon da Kataloniya da suka biyo rundunarsa. Baƙo kuwa da sunan garinsu ake kiransa, kamar yadda muke cewa wane na Zariya ko wane Bakatsine. Saboda haka “na Borja” yana nuna inda suka fito ne, ba ya nuna cewa su ne suka mulki garin. Masana da suka bi takardun ƙasar, musamman Fada Mikel Batllori, ɗan Jesuwit wanda ya rasu a 2003, sun tarar da gidaje fiye da ɗaya masu wannan suna a Shatiba, wasu ƙananan masu sarauta, wasu kuwa mutanen gari masu ɗan abin hannu. Bari mu ɗan ratse: wannan Shatiba ba baƙon suna ba ne a ƙasarmu, domin a can aka haifi Imam Shaɗibi a 1144, wanda malaman Musulmi maƙwabtanmu ke karanta aikinsa a kan ƙira'o'in Alƙur'ani, garin kuma ya yi suna da sana'ar yin takarda tun zamanin da yawancin Turai ke rubutu a kan fata.

Lauyan da ya zama Paparoma

A wani ɗan ƙauye kusa da Kanals, a gefen Shatiba, aka haifi Alfonso Borja ranar 31 ga Disamba 1378, ɗan Domingo da Faransina, daga reshen da bai fi sauran ƙarfi ba. A shekarar nan ce aka fara babbar tsagewar Ikkilisiyar Yamma, lokacin da mutum biyu, daga baya ma uku, kowannensu ke cewa shi ne Paparoma. Wannan masifa ce ta zama tsanin da gidan ya taka ya hau. Alfonso ya karanta shari'ar ƙasa da ta Ikkilisiya a jami'ar Lerida, ya koyar a can, sa'an nan ya shiga hidimar Sarki Alfonso na Biyar. Majalisar Konstans ta zaɓi Martin na Biyar a 1417, duniyar Kirista ta bi shi, amma wasu 'yan tsiraru suka kafe a kagarar Peniskola da ke bakin teku, da nasu mai da'awa wanda ya kira kansa Kilemen na Takwas. Alfonso Borja ne aka aika, ya lallashe shi ya sauka a 1429, ba a zub da jinin kowa ba. Ladansa shi ne kujerar Bishop na Balensiya a wannan shekara. Ya sake sulhunta sarkinsa da Paparoma Yujin na Huɗu, aka ba shi matsayin Kadinal a 1444.

A Roma an san shi da kamun kai da zaman talauci. A 1455 manyan gidajen Roma biyu, Kolonna da Orsini, suka kasa daidaitawa a zaɓe, sai aka ɗauki wannan tsoho mai shekara 76 domin ya riƙe kujerar na ɗan lokaci. Ya ɗauki sunan Kalistus na Uku. Shekaru uku kaɗai ya yi, amma wasu ayyukansa suna tare da mu har yanzu. Shi ya sa Binsen Ferer, mai wa'azin ƙasarsu, cikin jerin waliyyai. Shi ya ba da izinin a sake duba shari'ar Yuwana ta Ark, aka wanke ta a 1456, shekara 25 bayan an ƙone ta. Babban abin da ya cika masa zuciya shi ne Turkawa, waɗanda suka ci Kustantiniya a 1453; ya sayar da kwanonin azurfar fada domin a ƙera jiragen yaƙi, ya umarta a riƙa buga ƙararrawa da tsakar rana domin jama'a su yi addu'a, abin da masana da yawa ke dangantawa da ƙararrawarmu ta addu'ar Mala'ikan Ubangiji. Da aka kori Turkawa daga Belgrad a 1456, ya sa a riƙa yin Idin Sake Kamannin Ubangiji ranar 6 ga Agusta a Ikkilisiya duka. A ranar idin ce kuwa ya rasu, a 1458.

Akwai wata takarda tasa da ta shafe mu mu mutanen Afirka ta Yamma, bai kuwa kamata mu tsallake ta ba. A watan Maris 1456 ya tabbatar wa Fotugal da izinin da Paparoma Nikolas na Biyar ya ba ta a kan gaɓar Afirka, izinin da ya ƙunshi kama waɗanda ba Kirista ba a mai da su bayi. Da irin wannan goyon baya jiragen Fotugal suka ci gaba da gangarowa kudu har suka iso ƙasar Binin kafin ƙarshen ƙarnin. A watan Maris 2023 Batikan ta fito fili ta ce takardun Nikolas, tare da wadda Alekzanda na Shida ya bayar a 1493 game da ƙasashen Amurka, ba su mutunta daraja da haƙƙin mutanen waɗannan ƙasashe yadda ya kamata ba, ba kuwa koyarwar bangaskiya ba ce.

Laifin da ya fi bin sunan Kalistus shi ne son dangi. Baƙo ne a Roma, tsoho, kewaye da mutanen da ke jiran mutuwarsa, sai ya ce naka sai naka. A 1456 ya naɗa 'ya'yan 'yan'uwansa mata biyu Kadinal, ɗaya daga cikinsu Rodrigo ɗan Isabela, saurayi mai shekara 25 wanda ko firist bai zama ba. Da shekara ta kewayo ya danƙa masa babban ofishin takardu na fadar Paparoma, ya kuma ba ɗan'uwan Rodrigo shugabancin sojojin Ikkilisiya. Kalmar da Turawa ke kiran son dangi da ita daga nan irin wannan hali ta fito, domin tushenta kalmar Latin ce mai nufin ɗan ɗan'uwa. Wanda yake so ya ga abin da wannan ɗabi'a ke yi wa garken Allah, ya dubi dayosis ɗin Balensiya. Daga 1429 zuwa 1511 kujerar ba ta fita daga gidan Borja ba: Alfonso, Rodrigo, ɗan Rodrigo mai suna Cezare, sa'an nan wasu dangi biyu, an riƙa miƙa ta kamar gonar gado. Rodrigo ya riƙe ta shekara 34, sau ɗaya ya leƙa ta, a 1472. Kuɗin dayosis na tafiya Roma, tumaki suna nan ba makiyayi. Waliyyi Toma na Bilanoba, wanda aka naɗa a 1544, shi kam ya zauna a cikin mutanen Balensiya.

Rodrigo

Ba za mu yi wa Rodrigo kwaskwarima ba, gama Ikkilisiya da kanta ba ta nemi a yi masa ba. An haife shi a Shatiba a 1431, ya karanta shari'a a Bolonya, ya riƙe ofishin nan shekara 35 a ƙarƙashin Paparoma biyar, kowa kuma ya shaida cewa ya iya aiki, ya iya magana, ba ya fashin zama. Amma tun a 1460 Paparoma Piyus na Biyu ya rubuta masa wasiƙar tsawatarwa saboda wani biki da ya halarta a Siyena. Ya zama firist a 1468, bishop a 1471, alhali kuwa 'ya'yansa huɗu da aka fi sani, waɗanda Banoza Katanei ta haifa masa, wato Cezare, Huwan, Lukreziya da Jofre, duk bayan haka aka haife su. Saboda haka ba za a ce kuskuren ƙuruciya ba ne. Ranar 11 ga Agusta 1492 aka zaɓe shi Paparoma, mutanen zamanin kuma suka zarge shi da sayen ƙuri'u da alkawarin muƙamai, zunubin da ake kira da sunan Siman mai sihiri na Ayyukan Manzanni sura 8. Abin da ya bambanta shi da wasu na gabansa shi ne bai ɓoye 'ya'yansa ba, ya mai da ɗaukaka su babban aikin mulkinsa.

Labarin Cezare da Lukreziya ya cika littattafai da finafinai, ba sai mun daɗe a kai ba. Cezare ya zama Kadinal a 1493, ya ajiye a 1498 ya ɗauki takobi, ya zub da jini da yawa a tsakiyar Italiya, ya mutu a wani ƙaramin yaƙi a Nabara a 1507. Lukreziya kuwa, an aurar da ita sau uku bisa ga bukatar siyasar ubanta. Labarin zoben guba da ake ba ta ba shi da shaida, maƙiyan gidan ne suka shuka shi, masu wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 suka yi masa ban ruwa. Ta ƙare rayuwarta a Ferara a 1519 tana cikin ƙungiya ta uku ta Waliyyi Faransis na Asisi, mutanen garin suna ganin girmanta. Wani ɓangare na baƙin jinin gidan daga ƙiyayyar Italiyawa ga baƙi ya fito, wannan gaskiya ne. Amma bayan da Paparoma Liyo na Goma Sha Uku ya buɗe ma'ajiyar takardun Batikan ga masu bincike a 1881, Ludwig fon Pasto, masanin tarihi kuma Katolika mai kishi, ya karanta takardun ya ce ba sauran hanyar wanke Alekzanda. Mu ma a nan muka tsaya.

Mai karatu zai tambaya, to yaya Mas ɗin da irin wannan mutum ya yi, da firistocin da ya keɓe? An amsa wannan tambaya a nahiyarmu tun shekara dubu kafin a haifi Rodrigo. 'Yan Donatus na Afirka ta Arewa sun ce sakramentin da mai zunubi ya bayar banza ne, Waliyyi Agustin na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya nuna musu cewa Kristi ne mai yin baftisma, ko da hannun wa aka zuba ruwan. Haka kuma abin da Majalisar Batikan ta Ɗaya ta bayyana a 1870 game da rashin kuskuren Paparoma, ya shafi koyarwar bangaskiya da ɗabi'a ne in ya ayyana ta ga Ikkilisiya duka, bai taɓa nufin Paparoma ba ya zunubi ba. Alekzanda bai canza ko aya ɗaya ta bangaskiya ba. Ya karɓi Yahudawan da aka kora daga Sifen a 1492 suka zauna a Roma, ya shirya Shekarar Jubili ta 1500. Wannan bai rage ɓarnar da misalinsa ya yi ba, shekara 14 kuwa bayan mutuwarsa a 1503 Martin Luta ya ɗaga murya a Jamus.

Gwauruwar Gandiya

Yanzu mu koma Sifen, domin a can ne zuriyar ta ɗore. A 1485, tun Rodrigo yana Kadinal, ya saya wa babban ɗansa Pedro Luwis ƙasar Gandiya daga hannun Sarki Fernando, tare da sarautar da suke kira duke, wadda ita ce mafi girma a ƙarƙashin sarki. Ƙasa ce mai ni'ima a bakin teku kudu da Balensiya, arzikinta rake ne da sukari, manomanta kuwa yawancinsu Musulmi ne. Pedro Luwis ya rasu a 1488, ƙanensa Huwan ya gaji sarautar, ya kuma auri yarinyar da aka yi wa wansa baiko, Mariya Enrikes, 'yar kawun Sarki Fernando. Ta wannan aure na 1493 ne gidan ya samu jinin sarautar da a dā yake aro. Huwan lalataccen yaro ne. Ubansa ya kira shi Roma ya ba shi runduna, a daren 14 ga Yuni 1497 ya ɓace, aka tsamo gawarsa a kogin Taiba da raunukan wuƙa, har yau ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba. Alekzanda ya yi kuka, ya faɗa wa kadinaloli cewa hukuncin Allah ne saboda zunubansa, ya kafa kwamitin gyara Ikkilisiya. Bayan 'yan watanni zancen ya bi ruwa.

A ganinmu, mutumin da ya juya akalar wannan gida ba Paparoma ba ne, ba kuwa sarki ba, wannan gwauruwa ce da aka bari da goyon yara biyu. Mariya Enrikes ta ƙi sake aure, ta janye hannunta daga harkokin Roma, ta sayar da abin da gidan ke da shi a Italiya ta sayi ƙasashe kewaye da Gandiya, ta faɗaɗa babban cocin garin. 'Yarta Isabela ta shiga gidan Sistocin Waliyya Kilara na Gandiya, ita ma uwar, da ta ga ɗanta ya yi aure ya kama ragamar ƙasa, sai ta bi 'yarta ta sa rigar zuhudu. Daga nan gidan nan na Sistoci ya zama kamar ɗaki na biyu ga matan Borja, tsara bayan tsara, daga cikinsa kuma aka ɗebi waɗanda suka kafa sanannen gidan zuhudu na sarauta a Madrid a 1559. Akan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma masu wannan magana su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Ɗan nata, Huwan na biyu, ya auri Huwana ta Aragon. Uban Huwana shi ne Alonso, Babban Bishop na Saragosa, shi kuwa Alonso ɗan Sarki Fernando ne da aka haifa ba da aure ba. Ɗansu na fari shi ne Faransis, wanda aka haifa a Gandiya ranar 28 ga Oktoba 1510. Mu duba da kyau: ta wajen uba tattaɓa-kunnen Paparoma ne, ta wajen uwa jikan Babban Bishop ne, mutum biyu da bai kamata a ce suna da zuriya ba sam. In da a ce an kawo mana irin wannan salsala a lokacin binciken aure, da yawa cikinmu da sun hana 'yarsu. Amma duk wanda ya saurari asalin Yesu da ake karantawa daga farkon Bisharar Matiyu kafin Kirsimati, ya ji sunan Tamar da Rahab da matar Uriya, ya san cewa ba a tace jerin ba.

Faransis

Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara goma. A 1521 'yan tawayen ƙungiyoyin masu sana'a suka washe fadar Gandiya, suka tilasta wa Musulmin ƙasar baftisma da bakin takobi, abin da bangaskiyarmu ba ta yarda da shi ba. Aka gudu da yaron Saragosa. A 1528 ya shiga fadar Sarkin Sarakuna Karlos na Biyar, a 1529 ya auri Leyono de Kastro, 'yar Fotugal mai hidima ga Sarauniya Isabela, suka haifi 'ya'ya takwas. Sarauniyar ta rasu a Toledo ranar 1 ga Mayu 1539, aka ɗora wa Faransis raka gawarta zuwa Giranada, tafiyar kimanin mako biyu. Da aka buɗe akwatin domin ya shaida cewa ita ce, abin da ya gani ya girgiza shi. Masu rubuta tarihinsa sun ce a nan ya ƙudura ba zai sake bauta wa ubangijin da zai mutu ba. Mu dai lura cewa bai tashi daga bakin kabarin ya nufi seminari ba. Ya yi shekara huɗu yana wakilin sarki a Kataloniya, yana fama da 'yan fashi da gyaran ganuwa, ya gaji ubansa a 1543 ya zama Duken Gandiya na huɗu, ya riƙe matarsa da amana har ta rasu a 1546.

A shekarar nan ya nemi shiga Ƙungiyar Yesu, wadda ba ta wuce shekara shida da kafuwa ba. Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya karɓe shi, amma ya ce a ɓoye zancen, ya fara aurar da 'ya'yansa, ya gama gine-ginen da ya fara, ya kuma karanta tauhidi. Ya yi alkawarinsa a asirce a 1548. Shi ya roƙi Paparoma Bulus na Uku ya amince da littafin Ignatiyus na horon ruhu, aka amince a wannan shekara. Ya kafa kwaleji a Gandiya wadda ta zama jami'ar farko ta 'yan Jesuwit, ya kuma ba da kuɗin da aka buɗe Kwalejin Roma da su a 1551, wadda ita ce yanzu Jami'ar Giregoriyan, inda firistoci da bishop-bishop da yawa na Afirka suka yi karatu. Da kuɗin Ikkilisiya aka sayi Gandiya a 1485, bayan shekara 66 kuɗin Gandiya suka koma Roma suka buɗe makaranta. A 1551 ɗin ya miƙa sarauta ga ɗansa Karlos, aka keɓe shi firist, ya yi Mas ɗinsa na farko a gidan su Ignatiyus a Loyola. An yi ta neman a ba shi hular Kadinal, wadda kakanninsa suka yi ta rarraba wa juna, ya yi ta gujewa.

Hanyar ba ta zama mai santsi ba. A 1559 kotun binciken bidi'a ta Sifen ta sa wani littafi mai ɗauke da sunansa cikin jerin haramtattu, ya fice zuwa Fotugal, daga can aka kira shi Roma. A 1565 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar. A zamaninsa aka aika masu bishara zuwa Filorida da Peru da Meksiko, aka fara ginin cocin Jesu a Roma a 1568, aka kuma kashe Ignatiyus Azebedo da abokansa 39 a teku a 1570 suna kan hanyar Burazil. Yana cikin rashin lafiya Paparoma Piyus na Biyar ya aike shi fadojin Sifen da Fotugal da Faransa, ya tafi saboda biyayya, ya komo Roma a kan makara ta marasa lafiya, ya rasu a daren 30 ga Satumba 1572. Paparoma Kilemen na Goma ya sa shi cikin jerin waliyyai a 1671. Son dangi kuwa bai mutu da gidan Borja ba, sai a 1692, shekara 200 cif bayan zaɓen Alekzanda, Paparoma Innosen na Goma Sha Biyu ya kafa dokar hana Paparoma azurta danginsa da dukiyar Ikkilisiya.

Tsarki ma ba a gadonsa. Cikin jikokin waliyyin akwai wakilin sarki a Peru, akwai kuma Duken Lerma, ɗan 'yarsa Isabela, wanda ya riƙe mulkin Sifen a madadin Sarki Filibus na Uku, ya yi ƙaurin suna wajen tara dukiya. A zamaninsa ne, daga 1609 zuwa 1614, aka kori zuriyar Musulmin nan da aka yi wa baftismar dole, mutum wajen 300,000, yawancinsu zuwa Afirka ta Arewa. Da mutanen Balensiya aka fara. Gonakin raken Gandiya suka rasa manoma, gidan ya faɗa cikin bashi bai kuwa sake miƙewa sosai ba. Shi wannan Lerma ɗin ne ya sa aka kawo ƙasusuwan kakansa Madrid a 1617, inda suka sha wuta a 1931 lokacin da aka ƙone cocin 'yan Jesuwit, aka tsince abin da ya rage.

Zuriyar maza ta dukokin Gandiya ta yanke a 1740 da rasuwar duke na goma sha ɗaya, Luwis Ignasiyo, wanda bai bar ɗa ba. Sarautar ta bi ta wajen mata ta faɗa gidan Benabente, daga nan gidan Osuna. Fadar da aka haifi Faransis a cikinta tana hannun 'yan Jesuwit tun 1890. Su kuwa Paparoman biyu, Kalistus da ɗan 'yar'uwarsa Alekzanda, an kwashe ƙasusuwansu daga Batikan a 1610 zuwa cocin mutanen Sifen a Roma, Santa Mariya ta Monserato, suka yi shekaru 279 a cikin akwati ba tare da kabari ba, sai a 1889 aka gina musu guda ɗaya su biyu.